Tambaya da Amsa: Rufin gidan site yana yoyo, gyaran na kan wa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a Yamai, shekara 9 ke nan muna zaune a ɗaya daga cikin gidajen site da aka gina domin ma'aikata masu ƙaramin albashi. Tun daminar bara rufin ɗakin yara yake yoyo, har siminti ya fara ɓamɓarowa ana ganin ƙarfe, ga magudanar ruwan da ke ƙofar gida ta cika da yashi da leda. Na je ofishin da nake biyan kuɗin wata sun ce lamarin na magajin gari ne, na je gundumarmu an ce gidan ba nasu ba ne. Shin wa ke da alhakin gyaran, kuma ina zan kai kukana? (Wata mai karatu, Yamai)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kiyaye yaran. Kafin komai, ki fitar da su daga wannan ɗaki, domin rufin kankaren da ƙarfensa ya bayyana ba abin jira ba ne. Idan ƙurar hunturu da leda suka toshe indararo, ruwa yakan kwanta bisa rufin, ya bi ta ƙananan tsagogi har ya kai ga ƙarfen da ke ciki. Ƙarfen kuma idan ya yi tsatsa sai ya kumbura, ya tura simintin da ke rufe da shi ya faɗo. Shafa sabon siminti daga ƙasa ɓoye ciwon kawai yake yi. Sai magini ya hau sama ya ga inda ruwan yake shiga.

Matsalolinki biyu ne, kuma kowace da ƙofar da ake ƙwanƙwasa mata. Ta rufin tana cikin takardar da kika sa wa hannu ranar da aka ba ki mabuɗi, don haka ki ɗauko ta ki karanta a natse. Idan haya ce zalla, ƙa'idar da dokar haya ta Nijar take bi ita ce manyan gyare-gyare, irin su rufi da bango da ramin masai, suna kan mai gida, ko da mai gidan kamfanin gwamnati ne, ƙananan abubuwa kuwa irin su kan famfo, makulli da ƙwan fitila suna kan ɗan haya. Amma gidaje da yawa na irin wannan tsari ana ba da su ne bisa hayar da ke ƙarewa da mallaka, wato mutum ya yi ta biya wata-wata har gida ya zama nasa, kuma a nan ne mutane suke shan mamaki, domin yarjejeniyar tana iya ɗora wa mazaunin kula da gidan tun kafin ya gama biya. Ko wanne ne, kada ki daina biyan kuɗin wata don fushi, domin hakan zai mayar da ke mai laifi a idon shari'a.

Da gundumarku ta ce gidan ba nata ba ne, ta faɗi gaskiya, sai dai ba a nan zancen ya ƙare ba. A Nijar ba ƙananan hukumomi ne suka fi gina irin waɗannan gidaje ba. Aikin ya fi zama na gwamnatin ƙasa da kamfanoni irin su SONUCI, kamfanin gina gidaje na ƙasa. Amma dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa shugaban gari kula da tsabta da lafiyar jama'a da kare su daga haɗari, kuma yashe magudanun ruwa na unguwanni yana cikin ayyukan birni. Saboda haka magudanar ƙofar gidanki tasu ce kai tsaye, kuma ginin da ke neman faɗa wa mutane ya shafe su ko na wane ne: suna iya turo jami'ansu su duba, su rubuta rahoto, su matsa wa mai gidan. Yamai tana da gundumomi 5, kuma tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da aka naɗa ne ke riƙe da su, wato babu kansilan da za ki kai wa kuka kamar da. Wannan ya ƙara wa mai unguwa muhimmanci, ki fara da shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan sha'ani shi ne yadda ake bikin miƙa mabuɗai da kiɗa da jawabai, amma ba a cika jin an ware kuɗin kula da gidajen bayan shekara biyar ko goma ba, alhali mazaunansu su ne waɗanda albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata. Wanda ya ga yadda ruwa ya ci unguwar Lamorde ta Yamai a 2020 ya san ambaliya ba ƙaramar magana ba ce.

Kukan baki ba ya barin shaida, don haka ki rubuta. Ki ɗauki hotunan rufin da wayarki, ki sa magini ya ƙiyasta kuɗin aikin a takarda, ki kai wasiƙa ofishin masu gidan, ki ajiye kwafin da aka buga wa hatimi da kwanan wata. Batun magudanar kuwa ki haɗa kai da maƙwabta ku rubuta wasiƙa ɗaya mai ɗauke da sa hannun kowane gida, mai unguwa ya raka ku gunduma. Ku yi haka a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan Yuni ya sauka, domin idan aka shiga Agusta kowa kukan ruwa yake yi. Idan masu gidan suka yi shiru bayan wasiƙa ta biyu, ki nemi jami'in shari'a mai rubuta shaida ya zo ya ga rufin da idonsa, domin takardarsa ce alƙali zai fi dogara da ita idan magana ta kai kotu.