Wane fad ɗin birki ya dace da babur ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Bajaj Pulsar 150, birkin gabansa na faranti ne, na baya kuma diram. Kullum ina kai-komo tsakanin Zariya da ƙauyenmu, rabin hanyar kwalta, rabi burji. Kwanan nan in na kama birkin gaba sai ya riƙa ƙara kamar ana wasa wuƙa. Na je shago, mai kaya ya fito mini da fad iri uku, mai tsadar ya ninka mai arahar sau uku, ya ce wai irin na masu tsere ne. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin mu zo maganar saye, ka ajiye babur ɗin nan ka leƙa birkin. Ƙarar wasa wuƙa sau da yawa alama ce naman fad ɗin, wato ɓangaren da yake matse faranti, ya ƙare, ƙarfen bayansa ne yake gugar faranti. Haska tocila ta gefen kalifa, wato bakin da yake riƙe da fad ɗin. A jikin yawancinsu akwai ɗan tsagi da aka yi a tsakiya. In tsagin ya shafe, ko naman da ya rage bai wuce milimita 1 zuwa 1.5 ba, to ya gama aiki. Daga nan ka shafa farantin da farce bayan ya huce. In ka ji layi-layi masu zurfi ko tudu a bakinsa, ya riga ya ci duka. A jikin faranti akwai rubutun MIN TH da lamba a gefensa, wannan shi ne ƙarshen sirantar da aka yarda ya yi. Bakanike ya auna maka. Sabon fad a kan gurzajjen faranti zuba ruwa ne a rariya.

Abu na farko a wajen zaɓe shi ne siffa, kuma nan ne mutane suke yawan faɗawa rami. Kada ka tsaya a kan "ba ni na Pulsar". Kamfani ɗaya yakan sauya kalifa daga wannan fitowa zuwa waccan, sunan babur bai canza ba amma fad ya canza. Cire tsohon ka tafi da shi a aljihu, ka ɗora shi a kan sabon, baya da baya. Kunnuwan su zo daidai, ramin da fil yake shiga ya zo daidai. Na sha ganin yaran gareji suna goge gefen fad da zarto don ya shiga dole. Wanda ya shiga dole ba ya sakin faranti yadda ya kamata, sai ka ga taya tana ɗaukar zafi, mai yana ƙarewa, kai kuma kana zargin kafireto.

Sai kuma abin da aka yi naman da shi. Akwai mai laushi, wanda ake haɗawa da zare-zare da gam mai jure zafi. Ba shi da ƙara, yana kamawa tun da sanyin safiya, ba ya cin faranti, amma yana saurin ƙarewa, kuma in ya yi zafi sosai a doguwar gangara da kaya sai ya fara sulɓi. Akwai mai tsaka-tsaki da aka cakuɗa shi da garin ƙarfe. Sannan akwai wanda aka matse garin tagulla da wasu ƙarafa da wuta har suka haɗe, za ka gan shi da launin jan ƙarfe. Wannan ba ruwansa da ruwan sama ko taɓo, ga daɗewa, ga kamu. Kuɗinsa kuwa faranti ne yake biya, don yana cinsa fiye da sauran, yana kuma tura zafi zuwa man birki.

Juya kwalin ko bayan fad ɗin, wani lokaci za ka ga haruffa biyu kamar FF, GG ko HH. Harafin farko ƙarfin kamu ne a sanyi, na biyu a zafi, kuma H ya fi G, G ya fi F. Kamfanoni irin su EBC da Brembo da Ferodo suna da layin HH, amma manyan babura masu gudu da nauyi aka fi yi wa shi.

Ni a ganina, ga babur mai injin 150 a irin hanyarka, ka nemi na kamfani, wanda Bajaj take sawa tun daga masana'anta, a wajen dila da aka sani. In babu, ka ɗauki mai tsaka-tsakin nan na kamfani mai suna. Maganar "na masu tsere" kuwa daɗin bakin kasuwa ne. Fad ɗin tsere na gaske sai ya yi zafi yake kamawa sosai, kai kuma birkin da kake buƙata shi ne na lokacin da akuya ta faɗo titi da asuba. Ko da mai tagullar na titi ne, a kan burji ƙaramar tayar gaba in birki ya cije da ƙarfi ɗauke ƙafa take yi. Sai dai in damina tana sa ka kutsa taɓo kullum har mai laushin ba ya yi maka wata biyu, to a nan mai tagulla yana da hujja, matuƙar farantinka na ƙarfen da ba ya tsatsa ne.

Mai arahar nan marar suna shi ne ban yarda da shi ba, don araha ba ta ado, balle a birkin gaba wanda shi yake ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa. Riƙe shi a hannu ka duba inda naman ya haɗu da ƙarfe. In ka ga rata, ko gam ya tsattsafo, ko ka kankara da makulli ya zubo kamar gawayi, mayar masa da abinsa. Irin wannan naman yakan ɓalle ɗungurungum, ka matse hannun birki ya taɓo kan babur, ba abin da ya kama.

Tunda za a kwance, a duba na baya ma. Shi takalmi ne a cikin diram, kuma a babura da yawa akwai 'yar kibiya a jikin hannun da yake juya shi. In ka taka birki ta kai kan alama, takalmin ya ƙare, ɗaure noti ba zai ƙara masa nama ba. Takalman biyu ne a cikin diram, a canza su duka tare da sifirin ɗinsu. Kuma don Allah a hana yaro hura ƙurar diram da baki, don wasu masu arahar har yanzu da asbestos a cikinsu, mai lahani ga huhu. Tsumma mai jiƙa ya isa.

Wajen ɗaurawa, a wanke fistin, wato abin da yake turo fad daga cikin kalifa, kafin a tura shi ciki, ƙurar hunturu takan daskare a wuyansa. A shafa giris kaɗan a fil ɗin da kalifa take zamewa a kai, amma ko ɗigo kada ya taɓa naman fad ko faranti. Man birki kuma ka karanta murfin tankinsa, DOT 3 ko DOT 4, abin da aka rubuta shi za a zuba. DOT 5 daban yake, ba a gauraya shi da su. In ya yi baƙi ko ya haura shekara 2, a zubar a sa sabo.

Kafin ka motsa daga gareji, matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri, don matsawar farko fanko ce. Sannan ka sami hanya marar cunkoso, ka kai kamar kilomita 40 a awa, ka rage a hankali ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita sau goma zuwa goma sha biyar kana barinsa yana shan iska a tsakani. A kwanakin farko kamunsa ba zai kai yadda ka saba ba, sai ka ƙara tazara tsakaninka da motar gabanka.