Me Ya Sa 'Yammatan Cikin Wannan Zane Suka Ɗaure Fuska?

Tambaya: Malam, na ga wani tsohon zane daga ƙasar Danmak: 'yammata biyu 'yan gida ɗaya, ga aku cikin keji kusa da su. Ba wadda ta yi ko murmushi. Shin baƙin ciki mai zanen yake son nunawa? Kuma me akun yake yi a wurin?

Amsa: Malama, zanen da kika gani na C.W. Eckersberg ne, ya yi shi a 1820, yana rataye a gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Kopenhagen, babban birnin Danmak. 'Yammatan su ne Bella da Hanna, manyan 'ya'yan wani attajiri Bayahude mai suna Mendel Levin Nathanson. Kuma ba baƙin ciki ba ne.

A lokacin babu kyamara, sai a 1839 aka fito da ita fili. Wanda ke son hoton 'ya'yansa sai ya biya mai zane, yaran su yi ta zuwa suna zama ana shafa fentin mai sannu a hankali. Wa zai iya riƙe murmushi tsawon wannan zama? Ban da haka, manyan gidajen Turai na ganin washe baki a zane aikin mashaya ne da wawaye. Natsuwa ita ce shaidar tarbiyya.

Amma tambayar da ta fi buɗe wannan zane ita ce: wa ya biya kuɗin, kuma me yake son a gani? Danmak ta sha wuya a shekarun nan. Sojojin Ingila sun yi wa Kopenhagen ruwan wuta a 1807, baitulmalin ƙasa ya karye a 1813, Norwe ta suɓuce mata a 1814. A wannan shekarar ta 1814 ce kuma sarki ya ba Yahudawan ƙasar kusan dukkan 'yancin 'yan ƙasa, kuma Nathanson na cikin waɗanda suka yi faɗi-tashi a kan haka. To shekara shida bayan nan sai ga shi ya tsayar da 'ya'yansa gaban mai zanen da ya fi kowa suna, cikin riguna na yayi, ɗaya da saƙa a hannu. Saƙon a fili yake: gidana gidan mutunci ne, daidai da na kowane babban ɗan gari. Ɗiyar da ke ɗauke da irin wannan saƙo ba za a bar ta ta yi dariya ba.

Sai hannun mai zanen kansa. Eckersberg ya yi koyo a Faris wurin shahararren mai zanen Faransa Jacques-Louis David, sannan ya zauna Roma daga 1813 zuwa 1816, inda ya shaƙu da ɗan ƙasarsu Thorvaldsen, gwanin sassaƙa dutse. Ki sake duba zanen: ɗaya a tsaye tana fuskantarki, ɗaya a zaune ta ba da gefe, kuma kamarsu ɗaya, har ka ce mutum guda aka juya ta fuska biyu. Wannan idon masassaƙi ne. Ni a ganina nan ne kyan zanen yake, nan ne kuma sanyinsa, don ya fi kula da tsarin jiki da faɗuwar tufa a kan halin kowace yarinya.

Aku kuwa masana sun daɗe suna ja-in-ja a kansa. Wasu na cewa kwatancin 'yammatan ne: an killace su, ana koya musu maimaita abin da aka faɗa, har ranar aure. Fassara ce mai daɗin ji, sai dai ina shakkar uban da zai fitar da kuɗinsa a yi masa habaici a bangon falonsa. Tsuntsu ne na ƙasashe masu zafi da jiragen ruwa ke kawowa, mai tsada, kuma ɗan kasuwa ya san abin da baƙo zai fahimta idan ya gan shi.

Kada kuma ki ɗauka duk zanen yara na zamanin haka yake. Jens Juel, surukin Eckersberg, ya zana wani yaro yana gudu a fili tun 1802, lokacin da ra'ayin masanin falsafa Rousseau na a bar yara su yi wasa ya fara shiga gidajen masu hali. Namiji ne dai aka bari ya ruga.