Shinkafar da ta kwana ba wuta: in sayar, in ba almajirai, ko in zubar?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni sana'ata abincin sayarwa, ina dafa shinkafa da miya da taliya a bakin tasha. Toh wani lokaci sai kasuwa ta ƙi, abinci ya yi saura da yawa, gashi ba wuta balle firji ya yi sanyi, sai in rufe kular da safe in ɗumama in haɗa da sabon dahuwa, idan kuma na ga ya fara yauƙi sai in juye wa almajirai don kar in zubar in shiga cikin almubazzarai. Kwanaki wani yaro ya yi ta amai da gudawa bayan ya ci, Allah ya sa ya warke, amma hankalina bai kwanta ba. Ina da laifi? Kuma zubar da abinci ba haramun ba ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa sana'a albarka 'yar uwa, kuma na ji daɗi da kika faɗi abin yadda yake ba kwana-kwana.

Haɗa kwantai da sabo ki sayar kamar duk yau aka sauke, wannan algus ne, ko da ba wanda cikinsa ya ɓaci. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci ya tsibe shi, sai ya cusa hannu ciki ya ji danshi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi ya Manzon Allah, sai ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Kuma ko a Risala, littafin fiƙihun nan da muka karanta a zaure, cikin abubuwan da aka hana a ciniki akwai ɓoye aibi da cakuɗa mara kyau da mai kyau. Kin ga kamar don ke aka rubuta.

Sai maganar ɗumame, nan ne mutanenmu suke ruɗuwa, suna cewa ai wuta ta kashe komai. Likitoci sun yi bayani cewa ita shinkafa akwai wata ƙwayar cuta da suke kira Bacillus cereus, irinta yana jure dahuwa, idan shinkafa ta huce aka barta a ɗaki cikin wannan zafin namu sai ta farfaɗo ta yi ta hayayyafa tana fitar da dafi, kuma shi dafin da ke sa amai ɗumame ba ya kashe shi, sau da yawa ma ba wari ba yauƙi, mutum ya ci cikin awa 1 zuwa 5 ya fara kelaya amai. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Kular da ta kwana tun magariba, ɗumi-ɗumi kawai take, wato dai wurin da ƙwayar ta fi so. Kuma a irin wannan lamari, shari'a maganar masana take karɓa, kuma ƙa'idar ita ce "la darara wa la dirar", ba cuta ba cutarwa, hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Ibn Majah.

Yanzu almajirai. Wallahi wannan ya fi min ciwo. Allah yana cewa a Baƙara aya ta 267 kar ku nufi mummuna ku ciyar daga gare shi alhali ku kanku ba za ku karɓe shi ba sai kun runtse ido. Ki tambayi kanki, wannan mai yauƙin za ki zuba wa ɗanki ya tafi da shi makaranta? Yaron nan da ya miƙo miki robarsa ba uwa kusa ba uba, in gudawa ta kama shi cikin dare ba mai haɗa masa ruwan gishiri da suga, kuma ƙaramin yaro ruwan jikinsa saurin ƙarewa yake. Ba lada a nan, alhaki ne.

Zubar da abin da ya lalace kuma bai shiga almubazzaranci ba, don almubazzaranci ɓarnatar da abu mai amfani ne. Ai Ibn Abbas ya faɗa, a Muslim, cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha ranar da gobe da jibi zuwa yamma, abin da ya rage ya shayar da shi ko ya sa a zubar. Da ɓera ya faɗa cikin man shanu ma cewa ya yi a jefar da shi da abin da ke kewaye da shi, Buhari ya kawo. In akwai ɓarna toh tun wurin awo take, ki rage mudu daidai cinikinki, in kuma kin ga la'asar ta yi tukunya ba ta tafiya, ki karya farashi ko ki kira almajiran nan su ci da zafinsa, ga sadaka ta gaske kenan.

Game da yaron, tunda kin ga yauƙin da idonki kika bayar, akwai sakaci, ki yi istigfari ki daina. In za ki iya samunsa ki nemi afuwa, in an kashe kuɗin magani ki biya. Da a ce rai ya salwanta, maganar diyya da kaffara za ta taso, wannan kuma sai gaban alƙali da shaidar likita, ba a yanke ta a waya.

Sannan ki riƙa rufe kwanuka da randar ruwa kamar yadda hadisin Jabir ya yi umarni, a wanke hannu da sabulu bayan an fito bayi, wuƙar ɗanyen nama kuma kar ta taɓa salak sai an wanke ta, har yaran da ke taya ki ki sa musu ido.

Wallahu a'alam.