Me zai sa kamfanin wuta ya ce a rage shan wuta?

Tambaya: Na ji an ce a wasu ƙasashe kamfanin lantarki da kansa yake lallashin mutane su rage amfani da wuta. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ban taɓa ganin mai haja ya ce a rage saye ba. Gaskiya ne? Kuma zai yiwu a Kano?

Amsa: Gaskiya ne, Alhaji, kuma doka ce ta sauya musu lissafi. Muddin ribar kamfani tana rataye da yawan yunit ɗin da ya sayar, ba zai so ka kashe ko ƙwai ɗaya ba. Shi ya sa tun 1982 jihar Kaliforniya ta Amurka ta raba biyun: hukuma ce ke yanke kuɗin shigar da kamfani zai samu. In ciniki ya gaza, a ɗan gyara farashi a cike masa. In ya zarce, a mayar wa jama'a rarar. Wasu jihohin kuma suna ɗora wa kamfani adadin wutar da zai taimaki abokan cinikinsa su rage duk shekara, da lada in ya cika. A Ghana gwamnati ce ta shige gaba: a 2007, da ruwan madatsar Akosombo mai samar da lantarki ya ja baya, ta raba ƙwai masu ƙarancin cin wuta kusan miliyan 6 kyauta.

Mu a nan, a ganina, abin ya ma fi sauƙi, domin wutar ba ta isa. Abin da kamfanin rarraba wuta na KEDCO ke samu shi yake rabawa Kano, Katsina da Jigawa. Yunit ɗin da aka rage a Fagge ba asara ba ne, akwai masana'anta a Sharada ko Bompai da ke jiran sa, kuma taransifomar unguwa za ta samu sauƙi a zafin Afrilu.

Inda gizo ke saƙa shi ne mita. Wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi, ko ya kashe fanka ko ya bar ta har safiya, kuɗin ɗaya ne, to wa'azin tattali ba zai shige shi ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin mai taka-tsantsan ne ke biyan ɓarnar maƙwabcinsa. Duk tsarin da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ƙasa za ta fito da shi, ko jiha, tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi iko, sai ya fara da tilasta sanya mita, sannan a zo kan ladan rage ɓarna.

In shagonka yana da mita mai kati, gwada da kanka. Ƙwai 5 masu wat 60, awa 6 kullum, yunit 54 suke ci a wata. Sauya su da ƙwai marasa cin wuta sosai na LED masu wat 9, ka koma yunit 8 da ɗoriya, hasken kuma bai ragu ba.