Rumbu uku, manhaja ɗaya: amsar tambayarka

Toh ƙanena, naga saƙonka tun la'asar, ina hanyar dawowa daga Makka ne shi yasa sai yanzu. Kace mai shagon turaren nan yana son manhajarsa ta intanet ta riƙa karanto kaya daga rumbun bayanai uku, na kan sabar manhajar (kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta a intanet), da na kwamfutar shagonsa a Balad nan Jidda, da na reshen Kano, kuma na Kano yaƙi amsawa sam.

Haɗawar kanta ba wuya. Tunda Laravel (tsarin gina manhajar intanet) kake aiki da shi ka shiga fayil ɗin config/database.php ka ba kowanne sunansa, fasawod kuma ya zauna a fayil ɗin sirri na .env kar ya kuskura ya hau GitHub, shafin da ake ajiye kod, in kana son na Kano sai ka kira DB::connection('kano'), khalas.

Ƙin amsawar kuwa, galibi MySQL ɗin can, wato manhajar rumbun, a 127.0.0.1 kawai yake sauraro, ma'ana cikin kwamfutar kanta, kuma yuzan da aka ƙirƙira na localhost ne, daga cikin kwamfutar kaɗai yake shiga, ga rauta a tsakani ga IP da ke canzawa. Nasan abinda zuciyarka zata raya maka, ka buɗe ƙofa 3306, ƙofar MySQL, kowa ya shigo a huta. Don Allah kar kayi. Na taɓa yin haka a wani aiki farkon zuwana, nace na kwana biyu ne kawai, wlh da safe na tarar an share teburan kaf an bar saƙo wai a biya da Bitcoin, ajiyar da nayi daren jiya ce ta cece ni, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Ka sa WireGuard ko ramin SSH, wato ɓoyayyar hanya tsakanin kwamfutocin biyu, kuma kwamfutar shagon ce zata nemi sabarka daga can.

Amma inda nafi so ka tsaya shine, kar ka bar shafi yana jiran Kano. Mai saye ya buɗe shafi, manhaja ta tafi Najeriya tambayo kwalba nawa ta rage, a lokacin an ɗauke wuta ko data ta ƙare, shikenan shafin ya sandare alhali sabarka lafiyarta ƙalau. Ka rubuta ɗan aiki da zai riƙa janyo abinda ya canza duk minti 5 yana zubawa a rumbun sabarka, shafi kuma daga nan kaɗai zai karanta, in Kano bata amsa cikin daƙiƙa kaɗan ba ya haƙura sai zagaye na gaba. Sannan ka zauna da mai shagon ku yanke waye mai kowane bayani, farashi na sabarka ne, adadin kayan Kano na Kano ne, wuri ɗaya kawai ke da ikon rubutawa. Dalili kuwa DB::transaction, mai mayar da komai baya in aiki ya katse, rumbu ɗaya yake riƙewa, in ka cire kaya a Jidda layi ya yanke kafin ka rubuta a Kano ba mai mayar maka, lissafi ya rabu biyu kuma kai za a kira.

Lokaci ka ajiye shi a UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, mun riga Kano da awa 2, cinikin ƙarfe 11 na darensu gobe ce a wajenmu. Tsarin haruffa kuma ka sa utf8mb4 a duka ukun, in ba haka ba sunayen Larabci da ƙ da ɗ na iya komawa alamar tambaya.

Turo min fayil ɗin saitin ka goge fasawod tukun, gobe bayan isha'i sai mu gwada ramin tare.