Likkafa da mai riƙe ta

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuwa ji daɗi da ka yi tambaya tun ranar hawa ba ta zo ba. Ka ce likkafar abokinka ta ci gaba, za a naɗa shi sarauta, an ba ku dawaki ku raka shi, kai kuwa ba ka taɓa hawa ba. Ka ce ka ga Turawa na ajiye wata 'yar matakala gefen doki suna takawa su hau, kana son sunanta da Hausa, har kana shawarar sa kafinta ya yi maka irinta.

Kada ka sa a yi maka. Can Ingila har yau ana ganin irinta ta dutse a bakin tsofaffin majami'u da masaukan matafiya, al'adarsu ce. Mu nan Sakkwato abin da mahayi ke takawa likkafa ce, ita da ke rataye jikin sirdi. Tsoho ko marar lafiya akan ja masa doki bakin dakali, ko a kife masa turmi, ba mai ganin laifinsa. Amma saurayi kamarka ya taka turmi gaban jama'a, to za a daɗe ana labarinsa cikin shiya.

Ka je Maƙera Assada ka ce a nuna maka likkafa irin ta da. Faffaɗa ce, tafin ƙafa gaba ɗaya ke zama cikinta, ta ƙarfe ko ta tagulla, gefenta da kaifi don mahayi ya zunguri doki da ita. Sirdinmu kuma yana da tudu gaba da baya, ga jalala, ga babbar riga da rawani, wani har da alkyabba. Mutum ya sa ƙafar hagu ya ɗora duk nauyinsa gefe guda, ko an ɗaure majayi, wato abin ɗaure sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, tamau sirdin zai so ya karkace. Shi ya sa wani ke tsayawa ta dama ya danne ɗaya likkafar, wani ya riƙe linzami, a tattare wa mahayi riga har ya daidaita. A gidan sarauta aikin zagage ne, da Sarkin Zagi a kansu, kuma ba kowa sarki ke yarda ya matso jikinsa a wannan lokaci ba, sai wanda aka amince wa. Ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ai ka ga ran mutum yana hannun mai riƙon.

Ina jin wasu yaran yanzu na ɗaukar wannan riƙo aikin ƙasƙanci, su bar wa yaran barga, in an gama su miƙa musu 'yan kuɗi. Abin yana damuna ƙwarai, domin malamanmu ba haka suka karantar da mu ba. Zaidu ɗan Sabitu ya tashi hawa dabbarsa, sai Abdullahi ɗan Abbas, ɗan baffan Manzon Allah (SAW), ya kama masa likkafa. Zaidu ya ce ya bari, Abdullahi ya amsa cewa haka aka umarce su su yi wa malamansu. Sai Zaidu ya sumbaci hannunsa, ya ce su ma haka aka umarce su su yi wa iyalan gidan Annabi. Ranar Hunaini kuma, da rundunar Musulmi ta watse a farkon karo, Abbas na riƙe da linzamin alfadarin Manzon Allah, Abu Sufyanu ɗan Harisu na riƙe da likkafa, ba su gusa ba. Wa zai ji wannan ya ce riƙon likkafa aikin banza ne?

Kuma kada kwalliyar hawa ta rufe maka ido. A Tabkin Kwatto cikin 1804 Gobirawa ne ke da dawaki da lifidi, jama'ar Shehu galibinsu a ƙasa suke da baka da kwari, dawakinsu 'yan kaɗan, Allah kuma ya ba su nasara. Garin nan da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ya san darajar na ƙasa kamar yadda ya san ta na bisa doki.

Don haka ranar naɗi, kafin ka nufi naka dokin, ka je ka kama wa abokinka likkafa da hannunka, ko da zagage na tsaye. Kun yi wasan ƙasa tare, na sani, amma yau rawani na kansa, jama'a kuma na kallon yadda na jikinsa za su ɗauke shi. In akwai dattijo cikin mahaya, shi za ka fara yi wa.

Kai kuma ka riƙa zuwa barga da maraice tun yanzu, dokin ya san warinka da muryarka. Ka tunkare shi ta hagu, kada ka bi ta bayansa. Ka duba majayi da kanka, domin doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri, in ya saki numfashi ɗaurin ya yi sako-sako. Linzami a hannun hagu, ka yi Bismillah sa'ad da ƙafa ta shiga likkafa, in ka daidaita bisa sirdi ka yi hamdala, sannan ka karanta ayar nan ta Suratuz Zukhrufi, Subhanallazi sakhkhara lana haza, har ƙarshenta. Linzaminmu na da zafi a bakin doki, kada ka fizge shi. Ka fara gwaji da ƙananan kaya, amma kafin ranar ka hau da babbar rigar da za ka sa, ka ji yadda take kama ƙafa. Ka gai da mahaifiyarka.