Ta yaya rubutun kwamfuta zai karya ƙarfe? Abin da ya faru a Natanz

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta. Gardama ta kaure tsakanina da wani abokina, yana cewa wai akwai ƙwayar cutar kwamfuta da ta taɓa lalata injunan nukiliya a Iran, alhali injunan ba su haɗe da intanet. Ni kuwa na ce masa manhaja rubutu ce, iyakarta ta goge fayil ko ta saci bayani, ina rubutu ina karya ƙarfe? Kuma in babu intanet, ta ina ta shiga? In har gaskiya ne, ashe wata rana za a iya ƙona mini laftof daga nesa ke nan? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, amin summa amin. A wannan karon sai dai ka haƙura, abokinka ne da gaskiya. Sunan ƙwayar Stuxnet, kuma a watan Yunin 2010 asirinta ya tonu. Wani ƙaramin kamfanin tsaron kwamfuta na ƙasar Belarus mai suna VirusBlokAda ne ya fara cin karo da ita, bayan da wani abokin hulɗarsu a Iran ya kawo kukan cewa kwamfutocinsa sai mutuwa suke yi suna tashi da kansu. Masanin kamfanin, Sergey Ulasen, ya bi sawu har ya zaƙulo ta. Sai dai sanin abin da aka ƙera ta domin ta yi ya ɗauki wata da watanni, da aikin masu bincike na kamfanin Symantec da na wani Bajamushe masanin na'urorin masana'antu, Ralph Langner.

Ba ka yi kuskure ba da ka ce manhaja rubutu ce. Abin da ka bari a baya shi ne, rubutun nan umarni ne, kuma a masana'antar zamani ƙarfe ba ya motsi sai da umarni. Famfon tashar ruwa, belin da ke jan buhuna a kamfanin siminti, lifta a dogon bene, duk akwai wata ƙaramar kwamfuta a cikin akwatin ƙarfe da ke ce musu tashi, tsaya, ƙara gudu, buɗe, rufe. Injiniyoyi na kiran ta PLC. Ba ta da allo, ba ta da madannai. Injiniya ne ke rubuta mata shiri a kwamfutarsa mai Windows, ya jona waya ya ɗura mata, ita kuma ta yi ta maimaita shi dare da rana ba tambaya. Duk wanda ya iya sa hannu cikin wannan shiri, ba ya buƙatar guduma. Injin ne zai karya kansa.

To, wane irin inji ne a Natanz, cibiyar tace yuraniyom ta Iran inda abin ya faru? Nan kimiyya ta shigo. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, ko a Arlit ta Nijar ko a Kazakistan, kusan duka nau'in da ake kira 238 ne. Nau'in 235, wanda shi ne mai amfani wajen samar da makamashi, bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba. Yawancin tashoshin lantarki na nukiliya na buƙatar a ɗaga shi zuwa kashi 3 zuwa 5, makami kuwa sai wajen kashi 90. Matsalar ita ce a fannin sinadari nau'o'in biyu ɗabi'arsu ɗaya, nauyi kaɗai ya bambanta su, shi ma ɗan kaɗan. Don haka sai a mayar da yuraniyom ɗin iskar gas, a zuba shi cikin wani dogon bututun alminiyam mai juyawa da gudun tsiya. Mai nauyin sai ya matsa jikin bango, marar nauyin ya fi taruwa a tsakiya, a zuƙe shi a tura bututu na gaba. Abin da bututu ɗaya ke tacewa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ake jera su. A Natanz a wancan lokaci jeri ɗaya injuna 164 ne.

Injunan, waɗanda ake kira IR-1, an kwaikwayo su ne daga wani tsohon samfuri da ya zo ta hannun masanin nukiliyar Pakistan, Abdul Qadeer Khan. An tsara su a kan juyi 1,064 a daƙiƙa ɗaya, wato sama da juyi 63,000 a minti. Ka tuna injin mota da ƙyar yake kai 6,000 ko 7,000. A irin wannan gudu alminiyam ɗin yana dab da iyakar abin da zai iya ɗauka. Akwai kuma wata matsalar ta daban. Ka taɓa lura da tsohuwar fankar sili, akwai lambar da in ka sa ta sai ta kama rawa da ƙara, in ka wuce lambar kuma ta nutsu? Dogon bututu mai juyawa haka yake, yana da wasu matakan gudu da yake girgiza a cikinsu, kuma duk lokacin da aka tayar da shi ko aka sauke shi dole ya ratsa ta cikinsu. Kowace ratsawa tana cin lafiyarsa.

Riƙe wannan, mu je ga yadda Stuxnet ta shiga. Gaskiya ne na'urorin ba sa kan intanet, amma ai mutane na shiga suna fita. Injiniyoyi da 'yan kwangila na zuwa da laftof da filash don sabunta shiri ko kwasar bayanai. Binciken Symantec ya nuna cewa wasu kamfanoni biyar a cikin Iran aka fara harbawa, daga nan ta bazu. Tana hawa filash, kuma ba sai ka buɗe wani fayil ba. Akwai wata kafa a yadda Windows ke zana 'yan hotunan nan na gajerar hanyar buɗe fayil, waɗanda sunansu ke ƙarewa da LNK. Da ka soka filash ɗin ka buɗe shi don ganin abin da ke ciki, a ƙoƙarin zana hoton Windows zai kunna ƙwayar da kansa.

Wannan kafa Microsoft bai san da ita ba a lokacin. Irin waɗannan kafofi, da mai manhaja bai sani ba balle ya toshe, su ne kaya mafi tsada a hannun masu kutse, domin da zarar an yi amfani da ɗaya aka gano, an toshe ta ke nan. Ɓarawon da ke neman lambar katin banki in ya samu guda ɗaya lallaɓa ta yake yi. Stuxnet ta zo da huɗu a tare. Daga nan masana suka fara cewa wannan ba aikin yaran da ke neman suna ba ne. Bugu da ƙari, Windows yakan duba hatimin dijital kafin ya amince da manhajar da za ta shiga can cikin ƙwaryarsa. Stuxnet na ɗauke da hatimi na gaske, wanda aka sace daga wasu kamfanoni biyu na Taiwan, Realtek da JMicron. Duka wannan kaya girmansa wajen rabin megabait ne, bai kai hoto ɗaya na wayarka ba.

Ta harbi kwamfutoci wajen 100,000, kusan kashi 60 cikin ɗari a Iran, sauran a Indonesiya da Indiya da wasu ƙasashe. A kusan dukkansu ba ta taɓa komai ba. In ta sauka sai ta duba: akwai manhajar Step 7 ta kamfanin Siemens, wadda ake rubuta wa PLC shiri da ita? In babu, sai ta kwanta ta jira filash na gaba. In akwai, sai ta duba samfurin PLC ɗin. In ya dace, sai ta leƙa ko yana sarrafa na'urorin daidaita gudu ƙirar kamfanin Vacon na Finland ko Fararo Paya na Iran, kuma suna aiki tsakanin juyi 807 da 1,210 a daƙiƙa. Injuna ƙalilan ne a duniya ke irin wannan gudu. A wani sashen rubutun kuma an tarar da tsarin jeri shida masu abu 164 kowanne, lambar da ta yi daidai da jerin Natanz. Wanda ya rubuta ta ya san ɗakin kamar shi ya gina shi.

In ta tabbatar ta iso gida, ba ta gaggawa. Sai ta yi kwanaki tana kallo. Sannan ta ɗaga gudun zuwa 1,410 na minti 15, ta mayar da shi yadda yake. Bayan kimanin kwana 27 ta dawo, wannan karon ta ja shi ƙasa zuwa juyi 2 kacal a daƙiƙa na wajen minti 50, sannan ta sake cilla shi sama. Ɗagawar tana gajiyar da ƙarfen, saukewa da tayarwar kuma suna tilasta masa ratsa matakan girgizar nan. Akwai kuma wani tsohon zubi nata, wanda Symantec ya bayyana a 2013, shi bawul-bawul yake rufewa don matsin gas ya hauhawa a cikin injunan.

A ganina duk abin da na lissafa bai kai wannan ba: ƙwayar ta sa na'ura ta yi wa mai ita ƙarya. Akwai wani fayil da Step 7 ke bi ta cikinsa in zai yi magana da PLC. Stuxnet ta ture shi gefe ta zauna a gurbinsa. Idan injiniya ya yi zargi ya ce bari ya karanto shirin da ke cikin PLC ɗin, sai ta cire abin da ta cusa ta nuna masa shiri tsaf, irin wanda ya rubuta da hannunsa. A harin matsin gas ɗin kuwa, sai ta naɗi daƙiƙa 21 na bayanan na'urorin awo lokacin da komai ke lafiya, ta yi ta maimaita wa ɗakin kula su yayin da take ɓarnarta. Ka ɗauka kai ne a kan kujerar: lambobi daidai, babu ƙararrawar da ta kaɗa, amma duk bayan 'yan makonni ana fitar da injuna matattu. Wa za ka zarga? Da ma IR-1 an san shi da yawan lalacewa. Sai ka ce kayan ne marasa kyau, ko masu haɗawa ne suka yi sakaci. Da ta farfasa su duka rana ɗaya, da washegari an san hari ne. Wannan haƙurin nata shi ne makamin.

Cibiyar nazarin kimiyya da tsaro ta David Albright da ke Washington, bisa bayanan hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ta ƙiyasta cewa an cire injuna wajen 1,000 daga cikin kusan 9,000 da ke Natanz tsakanin ƙarshen 2009 da farkon 2010. A watan Nuwamban 2010 shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, ya amsa cewa wata manhaja ta jawo matsala ga wasu 'yan injuna. Amma kada ka bari a zuzuta maka. Iran ta maye gurbin waɗanda suka mutu, tacewa kuma ba ta tsaya ba. Jinkiri aka samu. Batun wanda ya aikata kuwa, a watan Yunin 2012 David Sanger na jaridar New York Times ya ruwaito cewa aikin haɗin gwiwar Amurka da Isra'ila ne, an faro shi zamanin George Bush ƙarami, Barack Obama ya ci gaba da shi. Babu ɗaya daga cikin gwamnatocin biyu da ta amsa a hukumance.

In abokinka na son ƙarin hujja, tun a 2007 masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen gwamnatin Amurka da ke Idaho suka kashe wani ƙaton janareton dizal ta hanyar buɗewa da rufe makunninsa ba a kan ƙa'ida ba, har ya turnuƙe da hayaƙi. A Disamban 2015 kuma masu kutse suka ɗauke wa mutane sama da 200,000 wuta a Yukren.

Saura laftof ɗinka. Kwantar da hankalinka. Ba shi da wani ƙarfe mai juyi dubu sittin, kuma in zafi ya yi masa yawa kashe kansa yake yi, wannan kariya tana cikin kayan jikinsa ne, ba a Windows take ba. Mafi kusa da abin da kake tsoro ita ce ƙwayar CIH, wadda wani ɗalibi ɗan Taiwan ya rubuta a 1998. A ranar 26 ga Afrilun 1999 ta tashi ta goge ɗan shirin da ke tayar da kwamfuta, wasu suka ƙi kunnuwa sam. Ko a nan babu abin da ya ƙone. Wanda zai shiga laftof ɗinka ya fi son sa da rai, domin kalmomin sirrinka da asusunka yake nema, ko ya kulle maka fayiloli ya ce ka biya fansa.

Filash ɗin ne ya kamata ya dame ka. Stuxnet kanta an rubuta mata ranar daina yaɗuwa, 24 ga Yunin 2012, amma kafar LNK ba ta tafi tare da ita ba. Microsoft ya fitar da gyara a farkon Agustan 2010, sai a 2015 aka gano gyaran bai cika ba aka sake wani. Kafin nan ɓarayin gama-gari sun kwafi dabarar sun sa a nasu ƙwayoyin, irin su Sality. Tsohuwar kwamfutar shagon buga takardu ko ta ɗakin gwajin makaranta da ta shekara goma ba a sabunta ta ba, mai yiwuwa har yau ƙofar a buɗe take. In za ka kai aikinka a buga, tura shi ta imel ko WhatsApp in da hali. In kuma dole sai filash, ware guda ɗaya don wannan zirga-zirga, ka tabbata Windows ɗinka na karɓar sabuntawa kafin ka mayar da shi jikin laftof ɗinka.